An Yi Kukan Dutsen Sama, An Bar Kusheyin Ƙasa

A watan Yuli na shekarar 2025, a birnin New York na Amurka, gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a kan kuɗin da ya haura dalar Amurka miliyan 5. Dutsen ɓalli ne na duniyar Mars da ya faɗo daga sama, wani mai yawon neman irinsa ya tsince shi a jihar Agadas cikin watan Nuwamba na 2023. Da labari ya iso Yamai sai hankali ya tashi. Gwamnati ta ba da umurnin a binciki yadda dutsen ya fita ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da masu faɗowa daga sama. Gidajen rediyo suka ɗauki zancen, samari masu shan shayi a fada suka ɗauka, kowa yana faɗin an yi wa ƙasa sata.

Fushin nan yana da hujja, ba mai musun haka. Sai dai dutsen baƙo ne. Ba hannun ɗan Adam da ya sassaƙa shi, ba kuma wanda ya damu da shi kafin a ji kuɗinsa. A cikin jihar da aka tsince shi kuwa akwai dubban tsibin duwatsu da mutane suka tara da hannuwansu bisa gawarwakin iyayensu da ƴaƴansu tun shekaru dubbai da suka shige. Shekara da shekaru ke nan ana tone kusheyin mutanen da, daga Abzin har gaɓar kogin Isa, ana kwashe abin da ke ciki ana watsar da ƙashi, amma hankalin jama'a bai taɓa tashi a kansu kamar yadda ya tashi a kan dutsen ba. Idan har sai abu ya yi tsada a gwanjon Turawa ƴan ƙasa ke sanin darajarsa, to, mai gwanjon ne ke zaɓa musu abin da za su girmama.

Abin da ke ƙarƙashin tsibin duwatsu

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas, ko ya ratsa kwazazzaban Abzin, ya ga waɗannan kusheyi ko da bai san ya gan su ba. Tsibin baƙaƙen duwatsu ne a gindin tsauni ko a bisa tudu: wani kamar an kifa ƙwarya, wani da rami a ƙoƙon kansa, wani shimfiɗe kamar jinjirin wata mai ƙaho biyu, wani an kewaye shi da da'ira mai siffar ramin makulli. Abzinawa suna kiran su idebnan. A ƙarƙashin mafi yawansu mutum ne kwance a gefe guda, an tanƙwashe masa gwiwoyi, saɓanin yadda Musulunci ya zo da miƙar da gawa ta fuskanci alƙibla. François Paris, wanda ya shafe shekaru yana binciken su, ya fitar da littafi a 1996 kan kaburburan Saharar Nijar tun daga zamanin dutse har shigowar Musulunci, ya nuna cewa wasu daga cikinsu sun kai shekara 5000.

A Iwelen, arewacin Abzin, kusheyi masu rami a ka suna kusa da kufan wani ƙauye da duwatsu masu zanen mutane riƙe da masu da kuma kekunan doki. An tono tsinin mashi na tagulla a wurin, na shekaru ɗaruruwa kafin haihuwar Annabi Isa. A Cin Tafidet, cikin Azawak, arewa da Tawa, an tarar da mutane da shanu an binne su a wuri guda tun kimanin shekara 4000, abin da ke nuna cewa ƙaunar makiyayi ga saniyarsa ba yau ta fara ba.

Gobero kuwa, a bakin Tenere, ta fi kowane wuri taɓa zuciya. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na jami'ar Chicago, suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin farkon duniya, suka ci karo da jigayi cike da ƙashin mutane. Bincike ya gano kaburbura wajen 200 na al'umma biyu: ta farko ta zauna daga kimanin shekara 7700 zuwa 6200 kafin miladiyya, sai fari ya kore ta, bayan shekara dubu guda ta biyu ta zo, ta zauna har wajen 2500 kafin miladiyya. A inda yau babu ko ɗigon ruwa an sami ƙashin dorina da kada da giwan ruwa, da mashin kamun kifi na ƙashi, domin tabki ne a wancan zamani. An sami wata yarinya da munduwar hauren dorina a damtsenta. An sami wata mace da yara biyu, mai shekara 5 da mai shekara 8, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, garin furanni a ƙarƙashinsu.

A nan ne ya kamata a fahimci abin da ɓarawon kushewa yake hallakawa. Ilimin ba ya cikin munduwa ita kaɗai. Yana cikin inda aka same ta, a hannun wa, a zurfin nawa, kusa da me. Da ɗan gawayi ko ƙashin da ke wurin ake auna shekaru a ɗakin gwaji. Haƙori yana faɗin abin da mutum ya ci da irin yunwar da ya sha yana yaro. Garin furannin Gobero ido ba ya ganin sa, sai da aka ɗebi ƙasar a hankali aka duba ta da madubin ƙara girma. Mai diga da shebur yana gama wannan duka cikin rabin yini. Kayan da ya fitar ana iya ƙwato su wata rana daga Turai, amma labarin da ke tare da su ba kotun da za ta iya maido shi.

Darasin Bura

Ƙasar Nijar ta riga ta ga yadda irin wannan asara take. A 1975, a Bura cikin yankin Tera, wani saurayi ya tsinci kawuna biyu na yumɓu. A 1983 Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH a jami'ar Yamai ya yi tono a Asinda-Sikka, a fili mai tsawon mita 25 da faɗin mita 20, ya tarar da tuluna 630 an kife su a jere bisa kaburbura, wasu da kawunan mutane masu zane a fuska, a ƙasa kuma ga gawarwaki da mundaye da duwatsun ado da kiban ƙarfe. Daga nan aka fito da mahayin dokin Bura wanda ya zama abin alfaharin ƙasa. Masana sun sanya wannan al'umma tsakanin ƙarni na 3 da na 13 na miladiyya.

A 1993 aka buɗe wani babban nunin kayan tarihin kwarin kogin Isa a birnin Paris, daga baya ya zagaya wasu biranen Afirka ta Yamma. Duniya ta ga kayan Bura, dillalai ma suka gani. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kuɗin baƙo ya ninka ƙarfi a hannun mai saye, talaka kuma ya ƙara shiga matsi. Cikin ƴan shekaru filayen Bura suka koma ramuka. Jaridar Le Monde ta Faransa ta ba da labarin cewa kashi 90 cikin 100 na wuraren an lalata su. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya kayan Bura cikin jan jerinta na kayan Afirka da ake gargaɗin kada a saya, tare da na Nok da Sakkwato da Katsina. A 2006 Nijar ta rubuta Bura cikin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, kuma har yau a jerin jira take. Ihu ne bayan hari. Ga shi yanzu rashin tsaro a jihar Tilaberi ya sa mai bincike ba ya iya zuwa wurin cikin kwanciyar hankali.

Uzuri uku

Uzurin farko da ake kawowa shi ne wai kaburburan arna ne, ba su da alfarma. Mai wannan magana ya koma ga littattafan da ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Damagaram. Muhtasar na Shaihu Halilu, a babin zakka inda ya yi maganar rikazi, wato dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, ya sanya tonon kabarinsu domin neman dukiya cikin abin ƙi, bisa ra'ayin Imamu Malik. Hadisi ingantacce ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, domin rai ne. Alƙur'ani mai girma kuma ya yi ta maimaita kira ga mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen magabata ya kasance. Yaya za a yi wannan dubi idan an riga an kwashe alamun an sayar? Ba wanda ya ce a yi yanka ko roƙo a gindin tsibin duwatsu. Abin da ake nema shi ne a bar mamaci inda danginsa suka kwantar da shi.

Uzuri na biyu ya fi na farko nauyi: talauci. Manomin da damina ta ci amanarsa, baƙo ya zo da kuɗi a hannu yana neman tsohon tulu, da wuya a ga laifinsa. Gaskiya ne, kuma duk mai kare kusheyi da ya raina yunwa bai san ƙasar ba. Amma a bi kuɗin a gani. Mai tono yana karɓar abin da bai wuce cefanen ƴan kwanaki ba. Ɗan kamasho na birni ya ci rabonsa, mai fitarwa ta kan iyaka ya ci, mai shagon Paris ko Brussels ya ci mafi tsoka. Ƙauyukan Tera da aka tone ba su fita daga talauci ba. Sun rasa abin da zai kawo musu baƙi da masu bincike da aikin gadi na shekaru, aka bar musu ramuka a gonaki. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: babban laifi yana wuyan mai saye da mai ba shi hanya, kuma su ne doka ta fi wuyar kamawa.

Uzuri na uku na ƴan boko ne, ana jin sa ko a ɗakin malamai: wai waɗannan kayan arewa ne ko na yamma, ba ruwan Bahaushe da su. Ba mai iya faɗin harshen da mutanen Gobero suka yi magana da shi, kuma kamar da ke tsakanin sunan Gobero da Gobir ba hujja ba ce ta komai. Sai dai Gobirawa da bakinsu suke faɗin cewa kakanninsu sun zauna Abzin kafin su gangaro Birnin Lalle, daga baya har Tsibiri. Bayan haka, ƙasar Hausa tana da nata kusheyin. A Durɓi ta Kusheyi, gabas da birnin Katsina, akwai tuddan kaburburan sarakunan farko. Bature Palmer ya tona wasu a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, a 1992 kuma masu bincike suka buɗe guda uku, suka sami ƴan kunnen zinariya da mundayen hauren giwa da wuri da tasar tagulla irin ta ƙasashen Gabas, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Sarautar Durɓi tana nan a fadar Maraɗi cikin manyan masu zaɓen sarki, domin Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi sun taho da ita. Bamaraden da ya ce binne sarki ƙarƙashin tudu al'adar wasu ce bai san gidansu ba. Al'adar ma ta game Sudan ta Yamma: a 1068 Al-Bakri na Andalus ya bayyana yadda ake gina wa sarkin Gana ta da ɗakin itace, a sa shi ciki da makamansa da abincinsa, jama'a su yi ta zuba ƙasa har wurin ya zama tudu.

Doka tana nan, a takarda

Nijar ba ta rasa doka ba. Ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai hana fataucin kayan tarihi, ta amince da ta 1972 kan gadon duniya. A ranar 30 ga Yuni 1997 ta kafa doka mai lamba 97-022 kan kare gadon al'adu na ƙasa, wadda ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Abzin da Tenere suna cikin gadon duniya tun 1991, ko da yake tun 1992 suke cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Tsohon birnin Agadas ya shiga a 2013. Tambayar ita ce: mai gari nawa ne aka taɓa karanta wa dokar 1997 da harshen da yake ji? Ɗan duwan nawa ne a bakin iyaka zai iya bambanta tulun Bura da tulun da aka gasa bara? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haɗarin yau kuma ya fi na 1994 yawa. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, dubban mutane suka bazu cikin sahara da na'urar neman ƙarfe, ita kuwa na'urar kukanta ɗaya ne ko a kan zinariya ko a kan munduwar mamaci. A Sudan, a 2020, masu neman zinariya sun shiga Jabal Maraga da motocin haƙa suka shafe wurin tarihi mai shekara kusan 2000. Ga kuma manyan ayyuka: hanyoyi, ma'adinai, bututun man fetur na kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, madatsar ruwan Kandaji da aka aza harsashinta a 2008. Ga mai ɗibar dutsen gini, wanda tsibin kushewa ya fi masa sauƙi da fasa tsauni. Ba wanda ke cewa a tsayar da aikin raya ƙasa saboda matattu. Maƙwabta sun nuna hanya: sa'ad da aka shimfiɗa bututun Cadi zuwa Kamaru mai tsawon kilomita 1070, wanda aka gama a 2003, masu binciken kufai sun bi layin tare da masu haƙa, suka rubuta wurare 472. Man ya gudana, tarihi kuma bai salwanta ba. A Senegal da Gambiya, da'irorin duwatsu da tuddan kaburbura sun shiga gadon duniya a 2006, shekarar da Bura ta shiga layin jira.

Masu bincike su ma suna da tambayar da za su amsa. Talaka yana da gaskiya idan ya ce: Bature ya tona an kira shi masani, shi ya tona an kira shi ɓarawo. Bambancin yana cikin izini, da rubuta kowane abu a inda aka same shi, da kuma inda kayan za su kwana a ƙarshe. Kayan Durɓi an kai su Mainz ta Jamus a 2007 domin gyara, aka maido su Najeriya a 2014. Haka ya kamata kowace yarjejeniya ta kasance: ranar fita, ranar dawowa, da ɗaliban ƙasa a cikin aikin. Sannan sakamakon ya koma ƙauyen da aka yi tonon, da harshen mutanensa. Binciken da ya ƙare a mujallar Turanci ko Faransanci bai biya bashin masu wurin ba.

Aikin malamai da ƙungiyoyi

Ba za a sa jandarma a kan kowane tsibi ba. Ƙasar ta fi haka faɗi. Mai tsaron kushewa na gaskiya shi ne wanda ke kwana kusa da ita. A Dabus, inda aka sassaƙa manyan raƙuman dawa a jikin dutse, mutanen wurin aka ɗauka gadi, kuma zanen yana nan. Abin da ya yiwu a Dabus zai yiwu a wani wuri.

Malamin makaranta yana da abin da minista ba shi da shi: yana cikin ƙauye, yara suna jin maganarsa, iyaye suna ganin girmansa. Kowace makaranta tana iya buɗe littafi guda, ɗalibai su tambayi tsofaffi sunayen kufai da tuddai da tsofaffin maƙabartu na yankinsu da abin da ake faɗi a kansu, a rubuta. Sharaɗi biyu ne. Na farko, ba tono, ba tsintar ko katangar tukunya a kai aji. Abin da aka gani a bar shi inda yake. Na biyu, littafin ya tsaya a hannun mai gari da magajin gari da cibiyar IRSH, kada a yaɗa shi, domin jerin da ya faɗa hannun dillali ya zama taswirar sata. Darasin tarihi kuma ya daina farawa daga Bayajida ko daga isowar sojan Faransa a 1899. Yaron Dakwaro ko Tanut da ya ji cewa an taɓa kamun giwan ruwa a Tenere zai fahimci gurgusowar hamada fiye da yadda allo zai koya masa.

Ƙungiyoyin al'adu su ma da nasu. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, babu sauran dalilin da zai sa dokar 1997 ta zauna da Faransanci kaɗai. A fassara ta da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, a karanta ta a rediyon karkara, a kai ta fadar sarakuna, a roƙi limamai su faɗi hukuncin tonon kabari a huɗuba. Masu wasan kwaikwayo su nuna dillalin tulu yadda suka saba nuna mai cin hanci. A matsa wa hukuma ta wajabta binciken kufai kafin kowane babban aikin haƙa, kuɗinsa daga aljihun mai aikin. Ta raba hotunan jan jerin ICOM a kowane ofishin duwan. Ta ba gidan tarihi na Bubu Hama da na jihohi abin da za su adana kayan da aka ƙwato. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Matar Gobero ta yi shekara fiye da 5000 rungume da yaran nan biyu. Tabki ya ƙafe a kansu, dauloli suka tashi suka faɗi, ayarin gishiri ya yi ta wucewa, ba wanda ya raba su. Dubban irinsu suna nan kwance ƙarƙashin duwatsun Abzin da Azawak da tuddan kudu, ba su da dangin da za su kai ƙara. Idan aka tone su a wannan zamani, ba za a ɗora wa fari ko jahilcin mutanen da ba. Za a ce an yi ne a lokacin da ƙasar take da jami'o'i, da doka mai lamba, da malamai a kowane ƙauye.